Idan Ciwon Hantsa Ya Daina Jin Magani: Jagora Ga Mai Shanun Tatsa

Babu saniyar da ke cinye wa mai kiwo dukiya kamar wadda aka yi wa maganin ciwon hantsa sau biyu ko uku, kumburin ya saɓe, madara ta dawo fara tas, bayan mako uku kuma gudaji ya sake fitowa daga nonon nan dai na farko. Abin da yawanci ake cewa shi ne maganin ba shi da ƙarfi, sai a je a nemo wanda ya fi shi. Wannan ɗabi'a ita ce babbar hanyar da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani ke samun gindin zama a garke. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wace ƙwayar cuta ce a cikin hantsar, sannan ko wannan saniyar ma tana cikin waɗanda magani zai warkar.

Abu biyu da ake rikitawa

Rashin warkewa iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne ƙwayar cutar ta bijire wa magani da gaske. Ƙwayar da ake kira Staphylococcus aureus (stafilokokus), wadda ta fi kowace taurin kai a hantsa, da yawa daga cikinta suna fitar da wani sinadari mai farfasa fenisilin kafin ya taɓa su. Akwai kuma nau'in da ake kira MRSA, wanda ya sauya wurin da maganin ke kamawa a jikinsa, don haka fenisilin da kloksasilin da kusan duk danginsu ba sa yi masa komai. An fara ba da rahoton MRSA a jikin mutane a Ingila a 1961, aka same shi a madarar shanu masu ciwon hantsa a Beljiyam a 1972. A 2011 masu bincike na Jami'ar Kambrij suka sanar da wani sabon nau'insa mai ɗauke da ƙwayar halittar mecC, wanda aka samu a madarar shanu da kuma jikin mutane a Birtaniya da Denmak, kuma gwajin da aka saba yi a lokacin ba ya gano shi. Ƙwayar Mycoplasma bovis (maikoplazma) kuwa tun asali ba ta da bangon jiki, alhali bangon ne fenisilin ke rushewa, saboda haka ko nawa aka zuba mata banza ne.

Na biyu, wanda ya fi yawa a zahiri, shi ne maganin yana iya kashe ƙwayar amma bai isa gare ta ba. Stafilokokus yana gina ƙananan ƙuraje a can cikin naman hantsa, jiki ya kewaye su da tabo, yana kuma shigewa cikin ƙwayoyin jikin saniyar su kansu ya lafe. Maganin da aka matsa ta kan nono sai ya kashe waɗanda ke yawo a madara, na ɓoye su fito daga baya. Irin wannan saniyar ko da ɗakin gwaji ya ce maganin na cin ƙwayar, ba lalle ta warke ba. Duk lokacin da aka sake yi mata magani kuma, ana ƙara horar da ƙwayoyin da ke hanjinta da fatarta ne su saba da shi.

Mataki na ɗaya: ka ga ciwon da wuri, ka auna tsananinsa

Kafin kowace tatsa, a tatso tsirkiya biyu ko uku daga kowane nono cikin kofi mai baƙin gindi, ba a ƙasa ba, ba a tafin hannu ba. A kan baƙi ne ake ganin ɗan gudaji, ko zare-zare, ko madarar da ta tsinke ta koma kamar ruwa. Sai a shafa hantsar bayan tatsa, lokacin da ta yi laushi, a ji ko akwai ɓangaren da ya yi tauri ko zafi.

Mataki uku ne na tsanani. Idan madara ce kawai ta sauya, ciwo ne mai sauƙi. Idan ɓangaren ya kumbura, ya yi ja da zafi, matsakaici ne. Idan kuwa saniyar ta daina cin abinci, idanunta sun faɗa, kunnuwanta sun yi sanyi, zafin jikinta ya haura digiri 39.5 ko ya faɗi ƙasa da 38, to rai ake magana. Wannan ba a jiran sakamakon gwaji. A ɗebi samfurin madara, a kira likitan dabbobi nan take, domin tana buƙatar ruwa mai yawa ta baki ko ta jijiya, da maganin zafi da kumburi irin su fluniksin ko meloksikam, da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Duk abin da za a faɗa nan gaba game da jinkirta magani, ya shafi ciwo mai sauƙi da matsakaici ne kawai.

Sai kuma ciwon da ido ba ya gani, wanda shi ne mafi yawa a kowane garke. Madara fara ce, hantsa lafiya lau a ido, amma ƙwayoyin garkuwar jiki sun cika madarar. Lafiyayyen ɓangare yawanci ba ya kai ƙwayoyin garkuwar jiki 100,000 a mililita ɗaya na madara. Idan ya wuce 200,000, ana ɗauka akwai cuta. Hanya mafi sauƙi ta ganowa ita ce gwajin Kalifoniya, wanda ake amfani da shi tun 1957. Faranti ne mai rami huɗu, kowane nono da raminsa. A tatsa madara kamar mililita biyu a kowanne, a zuba ruwan gwajin daidai yawanta, a juya farantin a hankali na daƙiƙa goma zuwa ashirin. Wanda ya kasance ruwa-ruwa lafiya yake. Wanda ya yi yauƙi yana jan zare, ko ya dunƙule a tsakiya ya ƙi zubewa idan an karkata farantin, wannan ɓangaren yana da ciwo. A yi wa duk garken aƙalla sau ɗaya a wata, a rubuta.

Mataki na biyu: ɗebi samfur kafin digon magani ya shiga

A nan ne aiki ya fi lalacewa, don haka zan tsaya a kai. Samfurin da ya gurɓata da kashin shanu ko dattin hannu yana fitar da ƙwayoyi iri uku ko huɗu a ɗakin gwaji, ba a san wacce ce mai laifin ba, kuɗi da lokaci sun tafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin saniya ta kamu, ka tanadi ƙananan kwalabe masu murfi waɗanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, da auduga, da sifirit mai ƙarfin kashi 70, da safar hannu, ka kuma san ɗakin gwajin da za a kai.

Rubuta sunan saniyar ko lambarta, da ɓangaren, da kwanan wata a jikin kwalbar tun tana bushe. Sa safar hannu. Goge nonon da busasshen tsumma mai tsabta, a tsoma shi a ruwan kashe ƙwayoyin cuta na daƙiƙa talatin, a sake gogewa. Zubar da tsirkiya uku na farko. Sannan a ɗauki audugar da aka jiƙa da sifirit a dirje ƙarshen nonon, daidai bakin ƙofar, a canja auduga a sake, har sai ta fito fara. Buɗe kwalbar ba tare da yatsa ya taɓa cikin murfin ba, ka riƙe ta a karkace, ba a miƙe ƙarƙashin hantsa ba, don kada gashi da ƙura su faɗa ciki, kada kuma bakinta ya taɓa nonon. Tsirkiya biyu ko uku sun isa. Ba a cika kwalba. A rufe, a sa cikin ƙanƙara ko firji, a kai cikin sa'o'i 24. Idan ba za a samu kaiwa ba, a daskarar da shi a firiza, stafilokokus da wata ƙwayar cutar da ake kira streptokokus suna jure daskarewa na makonni. Idan ana zargin maikoplazma, a faɗa wa masu gwajin, domin ba ta fitowa a gwajin da aka saba, kuma ta fi son samfur sabo.

Wani abin lura: stafilokokus ba kullum yake fita a madara ba. Saniyar da ake zargi, idan gwaji ɗaya ya nuna ba komai, a sake ɗiba bayan 'yan kwanaki kafin a ce ba ta da shi.

Mataki na uku: sakamakon ne zai zaɓi magani

A nemi abu biyu daga ɗakin gwaji: sunan ƙwayar, da jerin magungunan da ke cin ta da waɗanda ba sa ci. Idan stafilokokus ne, a tambaya musamman ko an gwada shi da fenisilin da sefoksitin, domin sefoksitin ne ke tona asirin MRSA. A ciwo mai sauƙi ko matsakaici, jiran kwana ɗaya don a san rukunin ƙwayar ba ya cutar da saniya, muddin ana tatse ɓangaren sosai, ana ba ta maganin zafi, ana kuma duba ta safe da yamma.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na samfuran ciwon da ake gani da ido ba sa fitar da ƙwaya ko ɗaya. Jikin saniyar ya riga ya gama yaƙin, gudajin da ake gani ragowar fama ne. Wannan ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Haka ma ciwo mai sauƙi na ƙwayar cutar da ake kira E. coli, yawancinsa yana warkewa da kansa cikin 'yan kwanaki. Gonakin da suka koma yin gwaji kafin magani a Amurka sun rage amfani da bututun magani da kusan rabi, ba tare da warkewar shanunsu ta ragu ba. Ina ganin babu wani mataki guda da ya kai wannan amfani.

Streptococcus agalactiae (agalaktiya), duk da saurin yaɗuwarsa, har yau fenisilin yana kashe shi, kuma mafi yawan shanun suna warkewa. Ana iya kawar da shi daga garke gaba ɗaya idan aka yi wa duk masu ɗauke da shi magani a lokaci guda. Streptococcus uberis ma yawanci yana jin fenisilin, sai dai wani lokaci yana son a tsawaita kwanakin maganin. Ƙwayar Klebsiella tana da wuyar sha'ani, wannan shawarar likita ce. Maikoplazma ba ta da magani, sai warewa da fitarwa.

Stafilokokus ne ke buƙatar a zauna a yi lissafi. Saniyar da ke da damar warkewa ita ce matashiya mai haihuwar fari ko ta biyu, wadda ciwon sabo ne, a ɓangare ɗaya, babu ƙulluttu a hantsa, kuma ƙwayar tana jin fenisilin. Irin wannan likita kan iya tsawaita mata magani zuwa kwana biyar ko takwas. Tsohuwar saniya mai ɓangare biyu ko uku da suka kamu, wadda ta daɗe tana nuna yauƙi a gwaji, yi mata magani a lokacin tatsa tamkar zuba ruwa ne a kwando. Idan kuma MRSA ne, kada a shiga gwada magunguna ɗaya bayan ɗaya.

A fara da magani mai cin ƙwayoyi ƙalilan, wanda ya dace da ƙwayar da aka gano. Akwai magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na waɗanda rayukan mutane suka dogara da su, kuma danginsu na dabbobi su ne irin su seftiyofur, sefkwinom, enrofloksasin da kolistin. Waɗannan ba na gwaji ba ne. Ba a taɓa su sai ɗakin gwaji ya nuna babu wani, likita kuma ya rubuta. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, kuma ƙwayar da ta koyi bijirewa a garke ba ta tsayawa a garke.

Mataki na huɗu: idan za a yi, a yi shi daidai

A tatse ɓangaren tas. A dirje ƙarshen nono da sifirit kamar yadda aka yi wajen ɗibar samfur. A shigar da kan bututun milimita biyu zuwa uku kawai, ba duka ba, domin tura shi can ciki yana buɗa ƙofar nonon ya kuma tura datti. Bututu ɗaya na nono ɗaya ne. Kada a ɗebi maganin allura daga kwalba a matsa shi cikin nono da sirinji. Ta nan ne ƙwayoyin yis da wasu munanan cututtuka ke shiga, kuma ba a san ranar da maganin zai bar madarar ba. Bayan an gama a tsoma nonon a ruwan aidin.

A cika adadi da kwanakin da aka rubuta. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa ba da ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayar cuta bijirewa. A ɗaya gefen kuma, madara takan ɗauki kwana huɗu zuwa shida kafin ta dawo daidai ko da ƙwayar ta mutu, don haka ganin gudaji a rana ta uku ba dalilin canja magani ba ne.

A ɗaura wa saniyar alama a ƙafa ko a shafa mata fenti, kowa ya gani. Madarar duk ɓangarorin huɗu ake zubarwa, ba na mai ciwon kaɗai ba, har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika. Tafasawa ba ta kawar da ragowar magani. Kada kuma a bai wa maruƙa wannan madarar. Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta bayyana a 2017 cewa yin hakan yana ƙara yawan ƙwayoyin da ba sa jin magani a kashin maruƙan. Bayan mako biyu zuwa uku da gama magani, a sake gwaji. Shi ne zai nuna ko an warke ko an lafa ne kawai.

Mataki na biyar: tsinke hanyar yaɗuwa

Stafilokokus da agalaktiya da maikoplazma a lokacin tatsa suke tsallakawa daga saniya zuwa saniya, ta hannu, ta tsumma, ta robar injin tatsa. Tsumma ɗaya da ake goge shanu goma da shi ya isa ya kama garke. Kowace saniya da nata tsumman, a wanke a shanya ya bushe, ko a yi amfani da takarda a yar. Mai tatsa ya sa safar hannu, domin fatar hannu tana da tsaguwar da sabulu ba ya kaiwa, kuma kada a jiƙa hannu da madara don santsi. A fara tatsa da karsanan da suka yi haihuwar fari da lafiyayyu, masu ciwo su zo ƙarshe, kullum.

Da an gama tatsa, a tsoma kowane nono, aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawonsa, a ruwan aidin mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa 1 ko kloheksidin. Ƙofar nono takan zauna a buɗe na rabin sa'a ko fiye, saboda haka a zuba musu abinci su ci a tsaye, kada su kwanta a kan kashi. Masu inji su canja robar bayan tatsa 2,500 ko wata shida, su kuma sa a duba ƙarfin zuƙar injin. E. coli da Klebsiella da uberis kuwa daga makwanci suke zuwa, maganinsu busasshen wuri da kwashe kashi. A yaƙi ƙudaje, suna kai stafilokokus kan nonon karsana tun ba ta haihu ba.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Tun shekarun 1960 masu bincike a Reading ta Ingila suka haɗa shi a matsayin shiri mai rassa biyar, kuma shi ne ya karya lagon agalaktiya a ƙasashe da dama. Saniyar da za a sayo kuma a gwada madararta, a ware ta, a tatse ta a ƙarshe har sakamako ya fito.

Mataki na shida: lokacin hutun tatsa

Kwana 45 zuwa 60 da ake daina tatsar saniya kafin haihuwa shi ne lokacin da magani ya fi cin tsohon ciwo, domin yana daɗewa a hantsa ba a tatse shi. A da akan sa wa kowace saniya bututun magani a duk nonuwanta. Holan ta hana wannan tun 2012, Tarayyar Turai kuma ta hana ba da irin waɗannan magunguna don rigakafi na yau da kullum daga 28 ga Janairu 2022. Yanzu zaɓe ake yi: mai tarihin ciwo ko wadda gwaji ya nuna tana da shi a sa mata magani, lafiyayya a toshe mata ƙofar nono da manne na musamman wanda ba shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sa wannan manne yana son tsabta fiye da komai, don idan aka tura datti aka toshe, babu abin da zai kashe shi a ciki. Garken da agalaktiya ko stafilokokus suka yi wa katutu, ko wanda ba a ajiye bayanansa, ya fara gyara waɗannan tare da likita kafin ya koma zaɓe.

Mataki na bakwai: saniyar da za a haƙura da ita

Wannan ne mataki mafi ɗaci, musamman idan saniya ce mai yawan madara. Wadda ciwo ya dawo mata sau uku a zangon tatsa ɗaya, ko ta fito daga hutu da magani har yanzu tana da stafilokokus, ko aka tabbatar tana da MRSA ko maikoplazma, ita ce rijiyar da sauran ke ɗiban cuta. Idan ɓangare ɗaya ne, likita na iya busar da shi har abada a ci gaba da tatsar ukun. Idan ya wuce haka, a fitar da ita zuwa yanka bayan kwanakin janye magani daga nama sun cika. Kada a sayar wa wani mai kiwo ita a matsayin saniyar tatsa. Zalunci ne, kuma cutar ce aka raba.

Mutanen gidan ma a kula da su. MRSA na kama mai tatsa ta ƙujewa ko yankan da ke hannu, yana kuma iya zama a hancin mutum ba alama ya koma wa shanu. Wanda ke da ƙurji ko gyambo a hannu ya rufe shi ko ya huta da tatsa, idan kuma ya ƙi warkewa ya je asibiti ya faɗa musu cewa da shanu yake aiki. Dumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko 63 na minti 30, yana kashe MRSA kamar yadda yake kashe sauran. Amma gubar da stafilokokus ke saki idan madara ta daɗe a wuri mai ɗumi ba ta jin wuta, don haka a sanyaya madara da wuri, ta ɓangare mai ciwo kuma a zubar.

Duk waɗannan shawarwari suna tsayawa ne a kan littafi guda da ake ajiyewa a wurin tatsa. Layi ɗaya ga kowane ciwo: saniya, ɓangare, rana, tsanani, sakamakon gwaji, sunan magani, kwanakin da aka yi, ranar da madara ta koma kasuwa, da sakamakon gwajin bayan mako uku. Duk wata uku a zauna da likita a duba shi. Idan yawancin ciwon a watan farko bayan haihuwa yake fitowa, a binciki makwancin shanun da ke hutu da wurin haihuwa. Idan shanu ƙalilan ne sunansu ke ta maimaituwa, a koma kan tsarin tatsa da batun fitarwa. Idan kuma magani ɗaya ne aka ga ya gaza a shanu uku ko huɗu masu ƙwaya iri ɗaya, a dakatar da shi, a aika sababbin samfura daga dukkansu a rana guda.